Me ya sa masu bindiga a Birtaniya ba sa haɗa kai idan an tashi tsaurara musu doka?

Danladi_Yorkshire:
Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina aikin gyaran injinan noma a arewacin Ingila, kuma kusan duk gonar da na shiga akwai bindigar farauta kulle a akwatin ƙarfe, da lasisinta. A watan Fabrairun 2025 gwamnati ta ƙara kuɗin sabon lasisin irin wannan bindiga daga fam 79.50 zuwa fam 194, na bindiga mai cin dogon zango kuma daga fam 88 zuwa fam 198. Na zaci zan ji ƙorafi ko'ina, sai na ga yawancin manoman taɓe baki kawai suka yi suka biya. Wani dattijo da nake yi wa aiki, wanda a da ɗan wasan harbi da fistol ne, wato ƙaramar bindigar hannu, ya ce mini shi ba zai sa hannu a kowace takardar koke ba, domin a 1997 da aka zo karɓe musu bindigoginsu babu manomi ko mafarauci ɗaya da ya tsaya musu, saboda haka yanzu kowa tasa ta fisshe shi. Tambayata ita ce, shin halin ko-in-kula ne yake hana waɗannan mutane magana da murya ɗaya, ko kuwa tun asali kansu a rarrabe yake?

Sabo_Ɗalibin_Lauya:
Wa alaikumus salam, Malam Danladi. Maganar dattijon nan tana da tarihi a bayanta. A watan Agustan 1987 wani mutum ya kashe mutum 16 a garin Hungerford, sai majalisa ta yi dokar 1988 wadda ta haramta manyan bindigogi masu ɗana kansu bayan kowane harbi. Masu irin waɗannan bindigogi kaɗan ne, kuma sauran maharba ba su ga abin ya shafe su ba. Ranar 13 ga Maris 1996 kuma wani mai lasisi ya shiga makarantar firamare a Dunblane ta Sikotland da ƙananan bindigogi, ya kashe yara 16 da malamarsu. An naɗa alƙali Cullen ya yi bincike, ya miƙa rahotonsa a watan Oktoban wannan shekarar, kuma abin da ya fara ba da shawara shi ne a riƙa cire wa bindigogin wani sashe a ajiye a wurin wasan harbi, idan hakan ya gagara sannan a hana ɗaiɗaikun mutane mallakarsu. Gwamnatin Firayim Minista John Major ta wuce nan, ta haramta duk fistol da ya fi mai ƙaramin harsashin nan da ake kira .22 girma, sannan da Tony Blair ya ci zaɓe a watan Mayun 1997 ya haɗa har da na .22 ɗin.

Yanzu a dubi lissafi. Masu fistol a lokacin kimanin 57,000 ne, alhali masu lasisin bindigar farauta a Ingila da Wales kaɗai sun haura 600,000. An miƙa wa hukuma fistol kimanin 162,000 aka biya diyya. Dattijonka yana cikin 'yan tsirarun nan, kuma abin da yake ci masa rai shi ne masu rinjayen sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta, suka shafa wa nasu ruwa suka koma gida.

Maman_Ihsan:
Ni ban yarda a kira wannan halin ko-in-kula ba. Malam Sabo, ka ambaci yara 16 ka wuce da sauri, amma yaran nan 'yan shekara biyar da shida ne, kuma takardar koken da iyaye da masu goya musu baya suka tattara ta sami sa hannun mutum kimanin 750,000. Manomin da ya yi shiru a lokacin shi ma uba ne, yana da 'ya'ya a makaranta. Me ya sa ba za mu ɗauka cewa da yawa daga cikinsu sun amince da dokar ne a zuciyarsu ba? Kullum masu fafutuka suna ɗaukar cewa duk wanda bai fito zanga-zanga ba barci yake yi, alhali wataƙila ya saurari hujjarsu ne bai gamsu ba.

Mai_Saiti_47:
Hajiya, akwai gaskiya a maganarki, amma ba ita ke nan ba. Ni ina cikin masu wasan harbin faifan yumɓu da ake cillawa sama, a nan kudancin Ingila, shekara tara ke nan, kuma zan iya shaida cewa rarrabuwar a fili take. Akwai masu kuɗi da suke biyan maƙudan kuɗaɗe su harbi tsuntsaye a gandun daji na attajirai, akwai manomin da bindigarsa kayan aiki ce kamar fartanya, yana korar zomaye da dila da ita, akwai masu farautar barewa, akwai irinmu masu harbin faifai, sannan akwai masu harbin allo daga nesa. Kowane rukuni yana da ƙungiyarsa da mujallarsa, kuma kowanne yana ganin nasa ne harbin mutunci. Masu gandun daji ba su taɓa ɗaukar ɗan wasan fistol na cikin gari a matsayin ɗan'uwa ba, kallon mai kwaikwayon 'yan fim suke yi masa. Idan an san yadda Turawan Ingila suke da bambancin aji, ba za a yi mamaki ba.

Doka ma kanta ta raba su. Lasisi iri biyu ne. Na bindigar farauta ya fi sauƙi, takarda ɗaya tana ɗaukar bindiga ko nawa ne, kuma 'yan sanda ne za su kawo dalilin hana ka. Ɗaya lasisin kuwa, na bindiga mai cin dogon zango da fistol, kai ne za ka kawo ƙwaƙƙwaran dalili a kan kowace bindiga ɗaya da kake nema. Wanda yake riƙe da mai sauƙin yana da abin da yake tsoron rasawa, saboda haka a 1996 hikimarsa ta nuna masa ya ja baya daga masu fistol, kada wutar ta tsallako gidansa. Ni a ganina dabara ce suka yi da gangan, ba mantuwa ba.

Binta_Belfast:
Ƙaramin gyara ga Malam Sabo. Haramcin 1997 bai shafi Ailan ta Arewa ba, domin tana da dokarta daban, kuma har yau ana iya mallakar fistol da lasisi a nan. Ingila da Wales da Sikotland ne abin ya shafa.

Sabo_Ɗalibin_Lauya:
Na gode, Malama Binta, gyaranki daidai ne. Zan ƙara da cewa haramcin ya sa 'yan wasan harbin fistol na Birtaniya sun riƙa tafiya ƙasashen waje irin su Suwizalan domin atisaye, kuma da Landan ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik a 2012 sai da aka ba da izini na musamman kafin a gudanar da wannan sashe na wasan.

Alhaji_Garba_Toronto:
Abin da Mai_Saiti ya faɗa na gan shi da idona a Kanada, sai dai a nan an ga fuskoki biyu na al'amarin. A watan Oktoban 2022 gwamnatin Justin Trudeau ta dakatar da saye da sayarwa da musayar fistol tsakanin ɗaiɗaikun mutane. Masu wasan harbi sun yi ta kuka, amma jama'ar karkara ba su motsa sosai ba. Bayan 'yan makonni sai aka shigo da wasu gyare-gyare cikin ƙudurin dokar da ake kira C-21, waɗanda mafarauta suka ce za su haɗa da bindigogin farauta da suke amfani da su kullum. Nan fa aka ga tashin hankali, mafarauta da manoma da shugabannin 'yan asalin ƙasar duk suka tashi, har 'yan majalisar da suke mara wa gwamnati baya daga mazaɓun karkara suka fara ja da baya, kuma a watan Fabrairun 2023 aka janye gyare-gyaren. Dakatarwar fistol kuwa tana nan daram. Ke nan mafarauta suna da ƙarfin da za su tsayar da gwamnati, amma ba sa fito da shi sai an taɓa nasu.

Ustaz_Nura:
Ina so in ja hankalin masu cewa da an haɗa kai da doka ba ta wuce ba. Wannan zato ne kawai, kuma tarihi bai cika goya masa baya ba. A watan Satumban 2002 mutanen karkara kimanin 400,000 suka yi tattaki a Landan domin kare farautar dila da karnuka, taron da ya fi duk abin da masu fistol za su iya mafarkin haɗawa, amma hakan bai hana majalisa haramta wannan farauta a 2004 ba. A Ostareliya kuma, bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a watan Afrilun 1996, masu bindiga sun fito ƙwansu da kwarkwata, dubun dubata suka cika titunan Melbourne, har Firayim Minista John Howard sai da ya sa rigar sulke a ƙarƙashin kwat ɗinsa kafin ya yi wa wani taronsu jawabi. Duk da haka dokar ta wuce, gwamnati ta sayi bindigogi kimanin 650,000 ta lalata. A New Zealand bayan harin masallatan Christchurch na watan Maris 2019, inda aka kashe 'yan'uwanmu Musulmi 51, Allah Ya jiƙansu, ɗan majalisa ɗaya ne tak ya ƙi amincewa da sabuwar dokar, 119 suka amince. Idan zuciyar al'umma ta riga ta karye da jinin da aka zubar, yawan masu zanga-zanga ba ya tare komai. Manomin Malam Danladi mai taɓe baki wataƙila ya fi masu surutu fahimtar wannan.

Mai_Saiti_47:
Ustaz, misalanka masu ƙarfi ne, amma ka duba na Alhaji Garba, inda haɗin kan ya yi aiki. Bambancin shi ne lokacin da abin ya zo. Idan doka ta biyo bayan musiba kai tsaye, babu mai iya tsayawa gabanta, kuma duk wanda ya buɗe baki sai ya yi ɓarna. A ƙarshen 1996 Yarima Philip, mijin Sarauniya, ya kwatanta bindiga da sandar wasan kurket a wata hira ta rediyo, yana nufin ko da ita ma ana iya kisa, sai da fada ta ba da haƙuri saboda fushin jama'a. Amma ƙarin kuɗin lasisi da jinkirin sabunta takardu da sauran ƙananan ƙa'idoji ba a cikin zaman makoki ake yin su ba, a teburin ma'aikata ake yin su, kuma gwamnati takan nemi jin ra'ayin jama'a a rubuce. A wurin da nake wasa, idan aka liƙa sanarwar neman ra'ayi, za ka ga mutum ya tsaya minti ashirin yana zagin 'yan siyasa, amma minti biyar na cike takardar ya gagare shi. Wannan kam ba zan kira shi da wani suna ba sai lalaci.

Dr_Zainab_K:
Akwai wani dalili da ban ga an ambata ba, wato tsoro. Ni likita ce, kuma tun daga watan Nuwamban 2021 ba a ba mutum lasisi sai an sami bayanin lafiyarsa daga likita. Lasisin shekara biyar yake yi, kuma sabunta shi yana hannun 'yan sandan yankin mutum. Wanda ya san cewa bindigarsa tana rataye ne da amincewar hukuma ba zai so a san shi da rigima ba, ko da rigimar halattacciya ce. Ban da haka, ana gargaɗin masu bindiga kada su bari a san suna da ita saboda ɓarayi, ta yadda maƙwabci ma ba ya sanin maƙwabcinsa maharbi ne. Ta yaya mutanen da aka horar a kan ɓoye kansu za su zama rundunar fafutuka? Ni dai ina goyon bayan binciken lafiyar ɗari bisa ɗari, sai dai ina fargabar wani abu guda, wato manomin da damuwa ta kama shi ya ƙi zuwa wurin likita don kada a karɓe masa lasisi.

Auwal_Houston:
Kada ku ɗauka Amurkawa sun tsira daga wannan. Daga nesa ana ganin kamar duk mai bindiga a nan ɗan NRA ne, wato babbar ƙungiyar masu kare haƙƙin riƙe bindiga, amma binciken cibiyar nazarin ra'ayin jama'a ta Pew na 2017 ya nuna kusan mutum ɗaya ne cikin biyar na masu bindiga ya ce yana cikinta, kuma mafi yawansu suna goyon bayan a binciki tarihin mai saye kafin a sayar masa. Ita kanta ƙungiyar a da ta fi karkata ga farauta da koyar da harbi, sai a taronta na Cincinnati a 1977 masu tsattsauran ra'ayi suka ƙwace shugabanci daga hannun masu sassauci. Har gobe masu zafin nan suna yi wa mafaraucin da ya ce shi bindigar barewarsa kawai ta dame shi kallon maci amana. Bambancin Amurka da Birtaniya shi ne a nan kundin tsarin mulki ya sa riƙe makami cikin haƙƙoƙi, saboda haka 'yan tsiraru masu himma suna da kotu da za su ruga, ko da sauran sun yi barci. A Birtaniya alfarma ce majalisa take bayarwa, kuma tana iya janyewa.

Tsohon_Sufeto:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma na ga hotonsa a gida. Dokar bindiga ta Najeriya ta 1959 ita ma gida uku ta raba makamai: akwai haramtattu waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, akwai irin su bindigar farauta mai baki biyu da suke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sannan akwai harba-ka-ruga da kwamishinan 'yan sandan jiha yake ba da lasisinta. A shekarun da na yi ina aiki ban taɓa ganin attajiri mai bindigar baki biyu da maharbin ƙauye sun zauna inuwa ɗaya a kan wannan batu ba. Attajirin yana da wanda zai kira a waya, maharbin kuwa yana da sarkin maharbansa. Da rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi a 2023, wa kuka ji ya yi magana da yawun masu lasisi gaba ɗaya? Haka kuma a watan Yunin 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu, hukumomin tsaro na tarayya suka ce ba da su ba, gardamar tsakanin manya aka yi ta, masu bindigogin suna kallo.

Ɗan_Maharba:
Baba Sufeto, ranka ya daɗe, ina girmama maganarka, amma kwatancen bai zauna sosai ba. A Birtaniya wanda ya yi ta'asar Dunblane mai lasisi ne, shi ya sa aka koma kan masu lasisi. A wurinmu waɗanda suke kashe jama'a a daji ba su taɓa taka ofishin 'yan sanda neman takarda ba. Mahaifina maharbi ne, kuma shirunsa ba na rashin damuwa ba ne, shi dai bai ga ƙofar da zai ƙwanƙwasa a saurare shi ba.

Maman_Ihsan:
Wannan da Ɗan_Maharba ya faɗa shi ne abin da ya kamata masu bindigar Birtaniya su riƙa tunawa kafin su zargi juna da cin amana. Wanda ya yi kisan Hungerford mai lasisi ne, na Dunblane mai lasisi ne, wanda ya kashe mutum 12 a Cumbria a 2010 mai lasisi ne, haka wanda ya kashe mutum biyar a Plymouth a watan Agustan 2021. Ba daga waje matsalar ta shigo musu ba. Da a ce haɗin kan da suke nema na tace junansu ne, da na fi tausaya musu.

Sabo_Ɗalibin_Lauya:
Hajiya, a nan ne ma masu bindiga suke da hujjar da ta fi kowacce ƙarfi, sai dai ba su iya gabatar da ita tare ba. A Dunblane wani jami'in ɗan sanda ya rubuta tun a 1991 cewa bai kamata mutumin ya ci gaba da riƙe lasisi ba, aka yi watsi da shawararsa. A Plymouth kuma an karɓe bindigar mutumin bayan ya daki wasu, sai 'yan sanda suka mayar masa da ita 'yan makonni kafin ta'asar, kuma binciken da aka kammala a 2023 ya ɗora laifi mai nauyi a kan sashen ba da lasisin. Ke nan dokar da take ƙasa ma ba a yi aiki da ita ba. Abin lura kuma shi ne a Cumbria da Plymouth an yi amfani da bindigar farauta, amma ba a haramta ta ba kamar yadda aka yi wa fistol. Masu fistol na da suna cewa dalili a bayyane yake, wato masu bindigar farauta suna da yawa kuma suna da manya a cikinsu.

Ustaz_Nura:
Ko kuma dalilin shi ne bindigar farauta tana da aikin da kowa yake gani a gona, fistol kuwa ba shi da aiki sai wasa, ga shi ana iya ɓoye shi a aljihu. Ba kowane bambanci ne son kai ba, Malam Sabo.

Danladi_Yorkshire:
Na gode muku duka. Jiya na koma gonar dattijon nan domin ƙarasa aikin tarakta, na karanta masa wasu daga cikin amsoshinku. Na Dokta Zainab ce ta fi sa shi yin shiru, ya ce ya san mutum biyu da suka daina zuwa asibiti saboda wannan tsoron. Amma da na faɗa masa cewa gwamnati ta ce za ta nemi ra'ayin jama'a a kan matso da ƙa'idojin bindigar farauta kusa da na lasisi mai tsauri, sai ya yi dariya, ya ce shekara kusan talatin yake jiran ranar da za su ɗanɗana. Ɗansa kuwa, wanda shi ne yake riƙe da gonar yanzu kuma yana da bindigar farauta biyu, bai ma san ana wannan magana ba. Mai_Saiti, a wurinku masu harbin faifai suna shirin rubuta wani abu, ko su ma jira suke yi su ga ko abin zai tsaya a kan manoma?

Mai_Saiti_47:
An kira taro a kan batun a watan jiya, Malam Danladi. Mu bakwai muka je, kuma uku daga cikinmu sun ce su ba su ga aibin tsaurarawar ba muddin za a rage jinkirin sabunta takardu. An ɗage zaman zuwa bayan kakar farauta.